Idan Jari Ya Karye, Wa Ya San Hukunci?

 

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur, sannan aka saki naira a watan da ya biyo baya har dala ɗaya ta haura naira 1,500 a cikin 2024, maganar "wane ya karye" ta zama ruwan dare a Zariya. Telan da ya ɗauko shadda bashi don ɗinkin Sallah, da mai shagon kayan masarufi a Sabon Gari wanda cinikin jiya ba ya iya sayo masa kayan yau, da manomin da ya ci bashin taki da tsada sannan farashin masara ya faɗi warwas a 2025, duk abu ɗaya ya haɗa su: abin da ake binsu ya fi abin da ke hannunsu. Wannan ba baƙon abu ba ne a kasuwa, tun da magabata suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne abin da ke biyo bayan karayar.

Duk mazaunin Ƙofar Kibo ko wata unguwa ta cikin ganuwa ya san yadda ake yi. Da zarar labari ya fita, wanda ya fi ƙarfi ko ya fi kusa cikin masu bin bashi sai ya riga kowa zuwa shago ya kwashe abin da ya tarar. Wani ya garzaya ofishin 'yan sanda ya mayar da bashi zamba. Wani ya aiko a ɗauke keken ɗinkin matar gidan. Shi kuma wanda ake bi, in ya ga uwar bari, sai ya mayar da takardar fili sunan ƙanensa a ɓoye, ko ya kashe waya ya bar gari. Wadda ke tashi a tutar babu ita ce mai ƙaramin ƙarfi, kamar matar da ke ɗinka masa huluna a cikin gida yana biyanta in ya sayar. Ana yin haka a garin da ke da dokoki biyu a kan mas'alar, ta Musulunci da ta ƙasa, kuma babu wadda ta yarda da ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka. Dalili kuwa a fili yake: waɗanda ake kai wa kuka, wato limamai da alƙalai da lauyoyi da shugabannin kasuwa, da yawansu sun daɗe rabonsu da wannan babi, wanda kuma ya san ɓangare ɗaya bai san ɗayan ba.

Malaman fiƙihu suna kiransa babin taflisi. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke hukunci da ita, an shimfiɗa shi dalla-dalla a Mukhtasar na Shehu Halilu da Tuhfatul Hukkami ta Ibnu Asim, Risala ma ta taɓo shi a taƙaice. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin Usaifi'u, mutumin ƙabilar Juhaina, wanda yake sayen raƙuma da tsada domin ya riga mahajjata isa, har bashi ya yi masa katutu. Da maganarsa ta je gaban Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, sai ya yi shela cewa duk mai bin mutumin nan ya zo da safe a raba dukiyarsa a tsakaninsu. Imamu Muslim kuma ya ruwaito labarin wani da ya yi asara a 'ya'yan itatuwan da ya saya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci jama'a su taimaka masa, abin da aka tara bai kai ba, sai ya umarci masu bin bashin su karɓi abin da ya samu su tsaya a nan.

A kan irin waɗannan ne malamai suka gina tsari. Tun kafin a je kotu, wanda bashi ya cinye dukiyarsa ba shi da ikon yin kyauta da ita, ko ya tattara duk abin da ke hannunsa ya ba mai bin bashi ɗaya, ko ya yi iƙirarin cewa wani ɗan'uwansa da ake zargin haɗin baki da shi yana binsa kuɗi. Idan masu bin bashi suka kai ƙara alƙali ya yanke hukuncin taflisi, sai a hana shi tasarrufi da dukiyar, basussukan da lokacin biyansu bai yi ba su ma su zama na biya yanzu, a sayar da kaya a gaban idonsa. Ba a yin gaggawar da za ta karya farashi. Dabba ana hanzarta sayar da ita saboda ci take yi, gida da fili kuwa ana saurara musu kamar wata biyu don a sami tayi mai kyau.

Rabon kansa lissafi ne da ɗalibin sakandare zai iya. A ce ana bin mutum naira miliyan 6: na farko miliyan 3, na biyu miliyan 2, na uku miliyan 1. Duk abin da ya mallaka ya kama miliyan 3. Kowa rabin haƙƙinsa zai samu: miliyan ɗaya da rabi, miliyan ɗaya, da dubu 500. To amma a ce na ukun shadda ya ba shi bashi, aka kuma tarar da ita a shago yadda take, ba a yanka ba. Yana da zaɓin ya ɗauki kayansa, sai dai in sauran sun yarda su biya shi kuɗin su riƙe shaddar. In ya ɗauka, kuma ƙimarta miliyan ɗaya ce, saura miliyan 2 a kan bashin miliyan 5, na farko ya sami miliyan ɗaya da dubu 200, na biyu dubu 800. Da a ce mutuwa mutumin ya yi, Malikiyya ba su ba mai shaddar wannan fifiko ba, sai ya shiga layi da kowa. Limamai nawa ne cikin masu rabon gado za su tuna wannan bambanci ranar da aka kira su?

Shari'a ba ta tsiraita muflisi. Ana bar masa abincinsa da na waɗanda ciyar da su ke wuyansa har zuwa lokacin da ake zaton zai samu, da suturar da ta saba. Amma kada wani ya ɗauka sassauci ne kawai a babin. A Malikiyya ana sayar da gidan da yake ciki, ana sayar da littattafansa, har da rigunan Juma'arsa idan suna da tsada. A garin da aka sani da manyan riguna da manyan ɗakunan littattafai, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dukiyar matarsa kuwa tata ce. Gado da kujeru da kwanukan da iyayenta suka yi mata, da keken da ta saya da adashinta, babu mai bin mijinta bashi da ke da haƙƙi a kansu, sai in ita ta tsaya masa da bakinta. Hasali ma idan tana binsa ragowar sadaki, ita ma tana shiga cikin masu rabo.

Game da tsarewa, malamai sun kasa waɗanda ake bi gida uku. Wanda aka san yana da shi yake taurin bashi, ana tsare shi har ya biya, domin jinkirin mawadaci zalunci ne. Wanda ba a san halinsa ba, ana iya tsare shi a bincika, sai in ya kawo mai tsaya masa. Wanda rashinsa ya tabbata, babu tsarewa a kansa, jinkiri ake yi masa har ya sami sauƙi kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta hukunta, ayar kuma ta nuna yafewa ta fi. Dukkan wannan aikin alƙali ne bayan shaida. Babu inda aka ba mai bin bashi dama ya yanke wa kansa hukunci.

Ta ɓangaren dokar ƙasa, abin ya rabu biyu, kuma a nan ne ƙasa ta fi motsawa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Dokar karayar arzikin mutum ɗaya ta 1979 ce, an kwaikwayo ta daga dokar Ingila ta 1914. Alamar tsufanta ita ce mafi ƙarancin bashin da ta yarda a kai ƙara a kansa naira 2,000 ne, kuɗin da yau ba zai cika tankin babur ba. Tsarin mulki na 1999 ya sa sha'anin a hannun Tarayya, sashe na 251 kuma ya keɓe shi ga Babbar Kotun Tarayya, wadda mutumin Zariya sai ya je Kaduna zai same ta. Ga kuɗin lauya, ga tabon da ke biyo baya, domin wanda aka yanke wa wannan hukunci ba a wanke shi ba ba zai tsaya takarar majalisa ko gwamna ba. Shi ya sa kusan babu mai bin wannan hanya, ƙaramin ɗan kasuwa ya zama ba shi da wata ƙofa ta doka da zai shiga ya ce: ga abin da nake da shi, ku raba.

Kamfanoni kuwa an yi musu sabuwar riga. Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda aka sa wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2020, ta kawo hanyoyin ceto kafin a kai ga naɗe tabarmar kamfani. Daraktoci na iya gabatar wa masu bin bashi tayin sulhu a kan yadda za a biya. Ana iya miƙa ragamar kamfanin ga wani ƙwararren mai riƙo, a dakatar da masu ƙara da masu ƙwace kadara na wani lokaci, ko kamfanin zai farfaɗo. Dokar ta ɗaga mafi ƙarancin bashin da za a nemi rushe kamfani a kansa daga naira 2,000 zuwa 200,000, ta kuma shar'anta cewa mai wannan aiki sai ƙwararren da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta amince da shi. A 2022 hukumar ta fitar da ƙa'idojin aiwatarwa. A 2023 wata doka ta sake taɓa adadin nan, ta bar wa hukumar ikon ƙayyade shi. Lauyan da ya gama makaranta a 2015 bai sake buɗe littafi ba, shawarar da zai bayar yau a kan dokar da aka soke take.

Akwai kuma abubuwan da suka shigo har tsakar gida. Tun watan Agustan 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum na wasu bankunan ta lambar BVN, bisa izinin da ya sa wa hannu ranar karɓar rance, wanda da wuya ya karanta. Manhajojin ba da rance ta waya sun kai ga aika wa dangi da surukai saƙonnin tozarci, har hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta tilasta musu rajista a 2022. Da aka soke lasisin bankin Heritage ranar 3 ga Yuni, 2024, masu ajiya da yawa a ranar suka fara jin cewa inshorar hukumar NDIC ta tsaya a naira miliyan 5, abin da ya haura sai an jira an sayar da kadarorin bankin. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ya hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Da limamin unguwa ya san wannan sashe, da magidanta da yawa ba su kwana a bayan kanta ba.

Wanda ya ajiye dokokin biyu gefe da gefe zai ga sun haɗu a wurare da dama: rabo gwargwadon haƙƙi, fifita mai riƙe da jingina, warware abin da aka kawar don a ɓoye wa masu bin bashi, da ba da numfashi ga wanda ake sa ran zai tashi. Inda suka rabu ne ke buƙatar malami mai ido biyu. Dokar ƙasa tana sa albashin ma'aikata da haraji gaba da sauran masu bin bashi. Mai shaddar nan da fiƙihu ya ba kayansa, a dokar ƙasa galibi layi zai shiga, sai in ya rubuta tun farko cewa kayan nasa ne har a gama biya. Kotu za ta lissafa kuɗin ruwa a cikin bashin banki, Alƙur'ani kuwa uwar kuɗi kawai ya ba mai bin bashi. Mafi girma duka shi ne wankewa. A Ingila da Amurka, da ma dokarmu ta 1979, kotu na iya sauke wa mutum ragowar bashi ya fara sabuwar rayuwa. Malamanmu na da sun tafi a kan cewa ragowar tana nan a wuyansa, ba a matsa masa, amma in Allah Ya buɗa masa sai ya biya, sai fa in mai haƙƙi ya yafe. A ganina wannan ita ce maganar da za a faɗa wa Musulmi ba tare da kwana-kwana ba: hukuncin kotu yana rufe ƙara, yafewar mai haƙƙi ce ke rufe bashi.

Kamfani mai iyakantaccen alhaki shi ma wata mas'ala ce da Shehu Halilu bai tarar ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta shi a zamanta na Jidda a 1992, bisa hujjar cewa masu hulɗa da kamfanin sun san iyakar abin da za su iya bi, ta kuma sake zama a kan hukunce-hukuncen rashi da taflisi a birnin Wahran na Aljeriya a 2012. Saudiyya ta yi sabuwar dokar taflisi a 2018. Wato malaman duniya ba su rufe babin ba. Amma a nan gida 'yan kasuwa da yawa suna riƙe da takardar rajistar sunan kasuwanci suna zaton kamfani ce, alhali ba ta raba dukiyar shago da ta gida ba. Wanda ma ke da kamfanin gaske, in ya sa hannu ya tsaya wa bashin banki da kansa, ya jawo gidansa cikin lissafi.

Zariya ta taɓa fuskantar irin wannan giɓi ta kuma cike shi. Lokacin da Jihar Arewa ta yi sabon kundin hukunta laifuka, wanda ya fara aiki a 1960, an riƙa kawo alƙalai da ma'aikatan kotu rukuni-rukuni zuwa Cibiyar Koyon Mulki da ke Kongo ana yi musu bita. Ko me mutum zai ce game da wancan kundi, kuma akwai abin cewa, dattawa masu rawani da suka haddace Tuhfa ba su ga ƙasƙanci ba a komawa aji. Kongon nan tana nan, da Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci a cikinta, kuma daga Ƙofar Kibo ba wata tafiya ba ce. Lauyoyi ƙa'idojin sana'arsu tun na 2007 sun wajabta musu ci gaba da karatu, ƙungiyarsu ma tana da cibiya don haka. Alƙalai suna da cibiyar horarwa ta ƙasa a Abuja tun 1991. Limami da mai unguwa da sarkin kasuwa, waɗanda su ne ake fara ƙwanƙwasa wa ƙofa, babu mai tuna su. Su kuma lauyoyin, bitarsu da Turanci ake yi, galibi a kan manyan kamfanoni, ba ta san da mai huluna ba.

Abin da muke kira gare shi bai fi ƙarfin garin nan ba: zama na kwana biyu ko uku duk shekara, da Hausa, wanda cibiyar Kongo da reshen ƙungiyar lauyoyi na Zariya da malaman zaure za su shirya da albarkar fadar Zazzau. Malamin zaure ya karanta babin taflisi daga farko har ƙarshe, lauya ya biyo da abin da ya sauya a shekarar, sannan a ɗauko shari'o'in gaske da aka cire sunaye a warware su a allo. A nan ne alƙali da lauya za su shata iyakar da ke tsakanin ƙarar bashi, wadda kotun shari'a ke saurare kullum, da hukuncin taflisi wanda tsarin mulki ya kai wata kotun. A nan ne kuma limami zai san iyakarsa, domin sulhun da ya jagoranta yana ɗaure waɗanda suka yarda ne kawai, hana mutum tasarrufi da dukiyarsa kuwa sai alƙali. Ko takarda ɗaya aka fito da ita, mai gurbin rubuta kadarori da sunayen masu bin bashi da rabon kowa da sa hannun shaidu, ta shiga hannun masu unguwanni, an rage ɓarna mai yawa.

Na san za a ce koyar da wannan zai ƙara wa masu taurin bashi ƙarfin gwiwa, kowa ya ce ya karye. Wanda ya karanta babin ya san akasin haka ne. Mai ƙaryar karaya shi ne ya fi kowa cin ribar duhun da ake ciki, domin babu mai tambayarsa ina filin da ya mayar sunan ƙanensa. Tsarin da zai sa a lissafa komai a gaban shaidu, a warware kyautar ƙarya, a kai har rigar Juma'a kasuwa, ba abin da mayaudari zai so ba ne. Mai gaskiyar da kasuwa ta juya wa baya shi ne zai huta, shi ne kuma attajiranmu za su iya ganewa su ba shi kasonsa na zakka, tun da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da ake ba. Wannan kaso kusan an manta da shi a rabon zakkarmu, alhali dubu 500 da aka sauke wa mai sana'a na iya mayar da shi bakin aikinsa.

Ɗalibanmu na Kongo da na zaurukan birni su ne za su gaji waɗannan kujeru, don haka a ba su gurbi a zaman tun daga na farko. Lokacin da ya fi dacewa a yi shi kuwa shi ne gab da kaka, kafin masu taki da masu maganin feshi su fara zagayen karɓar kuɗinsu a Giwa da Maƙarfi da Soba.